Labari da Multi: Wasa Biyu a Cikin Kwali Ɗaya

A ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, manyan igiyoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, rezo, wato layin intanet, ya sukurkuce tun daga Abijan har nan Garwa ta Kamaru. Bayan asham na biya ta ɗakin wasan da ɗan ƙanwata yake yawan zama, na tarar da samari sun yi jugum. Ga wuta, ga talabijin a kunne, ga manet, wato abin sarrafa wasan, a hannun kowa, amma ba mai harbi. Na ce musu, "To ku shiga ɓangaren labari mana, ai tsofaffin faifan nan ba ruwansu da rezo." Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan ai da na'ura ake yi. Mu da mutane muke bugawa." Shekara huɗu ke nan yana buga Call of Duty a waya da a ɗakin wasa, bai taɓa danna wancan ɓangaren ko sau ɗaya ba.

Maganar tasa ta daɗe tana yi mini yawo a ka, domin gaskiya ya faɗa, amma akwai asara a cikin gaskiyar. Yawancin iyaye idan sun leƙa allo, harbi kawai suke gani. Yawancin samari kuwa gasa kawai suka sani. Alhali abin da ake sayarwa da suna ɗaya, wasa biyu ne da ba su haɗa komai ba sai bindigogi da maɓallan da ake dannawa.

Irin wasan da nake magana a kai shi ne wanda ba ka ganin jikin sojan da kake juyawa. Ta idonsa kake kallon duniya, abin da ke gabanka hannuwa ne da bakin bindiga. Salon ya kafu da Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993. Medal of Honor ya kai shi fagen Yaƙin Duniya na Biyu a 1999, kamfanin DICE na Suwidin ya fito da Battlefield 1942 a 2002, sai Infinity Ward da Activision suka kawo Call of Duty na farko a 2003. Tun lokacin al'adar ta zauna: ka sayi faifai, ka samu labarin da za ka buga kai kaɗai, ka kuma samu filin da za ka kara da wasu mutane, wanda samarin nan ke kira multi.

Ɓangaren labari wasan kwaikwayo ne da aka ba ka rawar da za ka taka a ciki. An riga an rubuta komai. Inda gada za ta karye, inda abokin tafiyarka zai faɗi, inda jirgi zai iso da agaji a daƙiƙar ƙarshe, duk an auna su da mudu. A ƙasa akwai layukan da ido ba ya gani. Da ka taka ɗaya sai ƙofa ta buɗe, maƙiya su ɓullo, kiɗa ya canja. A tsofaffin Call of Duty ma, akwai wuraren da maƙiya ba sa ƙarewa komai yawan da ka harbe, sai ka yi ƙarfin hali ka matsa gaba ka taka layin. Wanda ya tsaya a bayan bango yana jiran su ƙare zai kwana a nan. Manufar ita ce a hana ka zama, a riƙa ingiza ka kamar yadda mai ba da tatsuniya ba ya barin yara su yi gyangyaɗi. Maƙiyan kuma ba don su ci ka aka yi su ba. An yi su ne su tsorata ka daidai gwargwado sannan su faɗi. Idan an kashe ka, sai a mai da kai zangon ƙarshe da ka wuce ka sake gwadawa. Duka tafiyar ba ta cika wuce awa shida zuwa takwas ba.

To mene ne abin so a cikin wasan da aka san ƙarshensa? Amsar tana cikin Call of Duty 4: Modern Warfare na 2007, wanda har gobe nake ganin ba a yi na biyunsa ba a wannan fanni. Kusa da farkonsa an sa ka a jikin shugaban wata ƙasar Larabawa da aka yi wa juyin mulki. Ba ka da bindiga. An jefa ka a bayan mota, ana ratsa gari da kai, abin da kawai za ka iya shi ne juya kai ka ga ana harbin mutane a bakin titi, har a kai ka dandali a harbe ka a gaban kyamara. Sunan shugaban Al-Fulani, kuma duk wanda ya buga shi a garin nan sai ya ɗaga gira. Ba Fulaninmu ake nufi ba. Larabci ne, fulan al-fulani, wato wane ɗan wane. Can gaba kuma kana sojan Amurka, kun tsaya ceton matuƙiyar jirgin da aka harbo, sai makamin nukiliya ya tashi a tsakiyar birnin. Allo ya dawo, ka rarrafo daga cikin tarkacen jirgi, kana jan ƙafa, ba abokin gaba, ba wurin zuwa, har ka faɗi. Ba zangon da za a mai da kai. Wannan mutuwar tana cikin rubutun, ƙwarewarka ba ta da abin da za ta yi a kanta. Na tuna shirun da ɗakin ya yi ranar da na fara ganin wurin. Fim yana iya nuna maka mutuwar soja, amma bai iya sa ka danna maɓallin tafiya da yatsanka ka ji ƙafar ta ƙi ɗauka ba.

Multi kuwa ba shi da marubuci. Fili ne da ƙa'ida da agogo. Mafi sauƙinsa mutum shida da shida, ƙungiyar da ta riga kai adadin kisa ta ci. Akwai na tutoci uku da ake ƙwacewa ana tsarewa. Akwai na dasa bam, inda rai ɗaya gare ka a kowane zagaye, salon da Counter-Strike ya shahara da shi tun 1999. Battlefield ya bi ta wata hanya, filaye masu faɗi da tankoki da jirage da mutum 64 a lokaci guda. Daga 2017 kuma PUBG ya yaɗa salon kowa tasa ta fisshe shi: a zubo mutum 100 daga jirgi a tsibiri, fili yana ta matsewa, wanda ya rage shi ne gwani.

Wanda yake son ya fahimci multi ya tuna da dambe. A fagen dambe idan mutum ya kai abokin karonsa ƙasa, cewa ake ya kashe shi, kuma wanda aka kashen yakan tashi ya karkaɗe jiki, gobe ya sake ɗaure hannu. Haka kisa yake a multi. Maki ne. A yawancin salon, bayan 'yan daƙiƙoƙi ka sake bayyana a wani lungu da bindigarka cike. A minti goma mutum zai mutu sau goma sha biyar bai ji komai ba sai haushin lissafi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce multi yaƙi yake koyarwa. Abin da yake koyarwa saurin ido ne, da sanin fili, da karanta zuciyar abokin karo. Ƙwararre ya haddace filin wasa irin Nuketown ko Shipment kamar yadda ɗan acaɓa ya haddace lungunan unguwar Yelwa. Ya san yawancin filayen Call of Duty hanya uku ne, dama da hagu da tsakiya, ya san in ƙungiyarsa ta matsa nan to maƙiya can za su ɓullo, yana jin takun sawu a kunne ya gane daga wane bene yake zuwa. Wannan ilimi ne na gaske, ana samunsa da wahala, kuma ban yarda a raina shi ba.

Abin da ya mai da multi gidan zama maimakon wurin leƙawa, shi ma a wasan 2007 ɗin ya kankama. Kowane harbi yana ba ka maki, maki yana ƙara maka girma, girma yana buɗe sabuwar bindiga ko sabon madubin saiti. Ka kashe uku a jere ba a kashe ka ba, a ba ka jirgin leƙen asiri ya nuna maka inda maƙiya suke. Biyar, ka kira jirage su yi ruwan bam. Bakwai, jirgi mai saukar ungulu. Ka kai mataki na 55, sai a ce in kana so ka ajiye komai ka faro daga farko a ba ka lambar girma da kowa zai gani kusa da sunanka. Dabarar ita ce kullum akwai abin da ya rage kaɗan ka samu. Wanda ya ce "bari in buga ɗaya in tashi" da gaske yake, amma an gina wasan ne yadda wannan ɗayan ba za ta ƙare a inda hankali zai kwanta ba.

Daga nan lissafin kuɗi ya shigo, kuma shi ne ya karkatar da komai. Labari yana cin maƙudan kuɗi: marubuta, 'yan wasan da za a ɗauki motsinsu da muryarsu, wuraren da za a zana da kyau a wuce su cikin minti biyar ba a sake komawa ba. Mai saye ya buga sau ɗaya ya ajiye. Filin multi guda ɗaya kuwa ana iya buga shi shekara goma, kuma muddin mutum yana ciki ana iya sayar masa da wani abu. Yau rigar soja mai walƙiya, gobe bindiga mai fenti, jibi tikitin zango da ke ƙarewa bayan 'yan makonni. A 2018 Black Ops 4 ya fito ba labari sam. Battlefield 2042 ya yi haka a 2021. Warzone da aka saki a Maris 2020 kyauta ne, Call of Duty: Mobile da ya fito ranar 1 ga Oktoba 2019 shi ma kyauta ne, an sauke shi sau miliyan 100 a makonsa na farko, kuma ba wanda yake da irin wancan labarin a cikinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lokacin da Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a Oktoba 2023 a kan kusan dalar Amurka biliyan 69, ba awa shidan labari ya saya ba, jama'ar da ke dawowa kowace rana ya saya.

Ga inda abin ya shafe mu. Yaron Turai ko Amurka da faifai ya fara, ya ga ɓangarorin biyu ya zaɓa. Yaron Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena ta waya ya shigo, ta Free Fire ko PUBG ko Call of Duty na waya, domin waya ce abin da yake da shi. Ƙofar da ya shigo ta cikinta ba ta da ɗakin labari. Ɗan ƙanwata bai ƙi labari ba, ba a taɓa gabatar masa da shi ba ne.

Abin takaicin shi ne, ɓangaren da aka bar mana shi ne wanda ya fi ƙarfin kayan aikinmu. A multi, na'urarka ba ita ke yanke hukunci ba. Akwai babbar kwamfuta a wani wuri, saba, ita ce alƙali. Ka danna harbi, saƙo ya tafi wurinta, ta duba, ta dawo da amsa. Tsawon wannan zuwa da dawowa shi ne lambar da ke kusurwar allo, wadda samari ke kira fing, ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka kowane kilomita 1,000 na nisa yana ƙara 10 a kan lambar, kafin ma a lissafa cunkoso da na'urorin da ke kan hanya. Saƙon ɗan Garwa sai ya gangara kudu sama da kilomita dubu zuwa inda igiyoyin teku suka sauka, Duwala ko Limbe ko Kiribi, sannan ya zagaya gaɓar Afirka ta Yamma, dubban kilomita, in sabar tana Turai, kamar yadda galibin na manyan wasannin suke. Ɗan Injamena tafiyarsa ta fi haka tsawo, tunda Cadi ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta zarenta yake bi. Lambar da na saba gani a ɗakin wasan nan ta haura 100, wani lokaci ta ninka haka, alhali wanda ke zaune kusa da saba yana wasa da 20 ko 30.

A wasan da ake kashe mutum cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Masu ƙira sun yi dabarar rage zaluncin: saba takan koma baya kaɗan ta duba abin da mai harbin ya gani a lokacin da ya danna. Wannan ne ya sa harbin mai jinkiri yake samu wani lokaci. Shi ne kuma ya sa yaro zai ruga ya shige bayan bango, ya tabbata ya tsira, sai ya faɗi, ya yi ta rantsuwa an cuce shi. Ba a cuce shi ba. A allonsa ya shige, a wurin alƙali bai kai ba. Na sha ganin samari suna zargin kansu da rashin iyawa, ko su zargi abokin karo da maguɗi, a kan abin da nisan ƙasa ne kawai ya jawo. Maguɗi akwai shi, har Activision ta fito da manhajar yaƙi da shi mai suna Ricochet a 2021, amma ba duk faɗuwa ce maguɗi ba.

Sai batun wa ake haɗa ka da shi. Ba kuri'a ake jefawa ba. A 2024 Activision ta fitar da bayanin yadda take haɗa 'yan wasa, ta ce ingancin sadarwa ne kan gaba, sannan saurin samun abokan wasa, ƙwarewa kuma tana cikin ma'auni. Ta kuma ce da ta gwada sassauta ma'aunin ƙwarewar, masu barin wasa sun ƙaru. Ƙwararru sun daɗe suna ƙorafi cewa ba a barinsu su huta, kullum da sa'anninsu ake haɗa su. Ni a nan ina bayan kamfanin. Ba a haɗa ɗan koyo da sarkin dambe a ce ana wasa. Damuwarmu a nan daban ce: inda 'yan wasa ba su da yawa a kusa, dole tsarin ya miƙa hannu nesa ya nemo mutane, nisa kuma jinkiri ne.

Ka ƙara da wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai mai megawat 72, kuma idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, kowa ya san yadda ake rabon wutar unguwa-unguwa. Labari in wuta ta ɗauke, zangonka na nan yana jiranka. Multi in ta ɗauke, ka bar 'yan ƙungiyarka a fili, an rubuta maka faɗuwa. Ka ƙara da nauyin wasannin, waɗanda ke haura giga 100, ga sabuntawa da ba ta ƙarewa, a wurin da ake sayen mega da lissafi. Ta kowace fuska labari ne ya dace da halinmu. Amma shi ma an fara ɗaure shi: Black Ops 6 na 2024 yana buƙatar intanet a kunne ko da labarin kake bugawa kai kaɗai. Wannan mataki ya ba ni haushi ƙwarai, domin wanda ya yanke shi bai taɓa zama a ɗaki irin na daren nan na azumi ba.

Kada a ɗauka ina cewa labari tsarkakakke ne. Hatsarinsa ya fi na multi, saboda shi yana magana. Multi ba ya gaya maka waye mai gaskiya. Yau kana wannan ɓangare, zagaye na gaba kana wancan. Labari kuwa yana zaɓar maka idon da za ka duba da shi, kuma kusan kullum idon sojan Amurka ne ko na Ingila. Sojojin Amurka da kansu sun san ƙarfin wannan, shi ya sa suka fitar da nasu wasan, America's Army, a 2002 don jawo matasa aikin soja, suka riƙe shi har 2022. A Modern Warfare na 2019 akwai wata hanya da ake kira hanyar mutuwa, a wata ƙasar ƙirƙira mai suna Urzikstan, aka ce Rashawa ne suka yi wa masu gudu ruwan bam a kanta. A duniyar gaske wannan suna na hanyar da ta tashi daga Kuwait zuwa Iraƙi ne, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ragargaza ayarin sojojin Iraƙi masu janyewa a Fabrairun 1991. Masu ƙira wasan sun ce ƙirƙira ce kawai. Amma yaron da bai san 1991 ba, sunan zai zauna masa a ka tare da mai laifin da aka ba shi.

Afirka kuma idan ta fito, yawanci fili ce da baƙi ke ratsawa. Modern Warfare 3 na 2011 ya bi ta Saliyo da Somaliya, Advanced Warfare na 2014 ya yi tsere a titunan Legas, mutanen wurin ko dai 'yan bindiga ne marasa suna ko taron da ke gudu. Black Ops II na 2012 ya sa madugun 'yan tawayen Angola, Jonas Savimbi, a ciki da sunansa, har 'ya'yansa suka kai ƙara a Faransa a 2016 kan yadda aka nuna shi, kotu ta kori ƙarar.

Mu kuma ba baƙin ƙarar bindiga ba ne. Wanda yake Marwa a Yulin 2015 ya san abin da bam yake yi wa kasuwa da unguwa. Mutanen Kolofata da Amcide da Fotokol sun kwana a daji. 'Yan Injamena da suka tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusiri a Fabrairun 2008 da yara a goye suna nan da ransu. A ɗakin wasa ɗaya za ka samu ɗan soja da ɗan gudun hijira suna karɓa-karɓar manet. Saboda haka nake roƙon masu ɗakunan wasa da iyaye su dubi lambar da ke jikin kwalin. Yawancin manyan Call of Duty 18 aka rubuta musu a tsarin Turai, wato sai mai shekara 18, kuma ba don ado ba. A Modern Warfare 2 na 2009 akwai babin da ake ratsa filin jirgin saman Mosko ana harbin fararen hula, har wasan da kansa yake tambaya ko kana so ka tsallake shi. Wannan ba abin da za a kunna wa ɗan shekara goma ba ne don ya biya sefa ɗari.

Duk da haka, a daren nan labari na nema wa yaron, kuma na san wanda nake nema. Mai ɗakin yana da Battlefield V na 2018, a cikinsa akwai wani gajeren babi mai suna Tirailleur. Kana jikin wani matashin sojan Senegal, Deme Cisse, a kudancin Faransa a 1944. An kawo su yaƙi an ba su shebur maimakon bindiga, sai daga baya aka tura su inda wasu suka kasa. Suka ci wurin da jininsu, aka ɗauki hoton nasara, sannan aka goge su daga hoton. Ya buga shi a zaune ɗaya, abokansa sun kewaye shi, wasu na ba shi shawara da Fulatanci wasu da Faransanci. Da ya ƙare ya ce, "Kawu, da gaske an cire su?"

Na ce masa hoton na wasa ne, cirewar kuwa ta faru. A Afirka, Cadi ce ta fara bin Faransa mai 'yanci ta Janar de Gaulle, wadda ta ƙi miƙa wuya ga Jamus, a ranar 26 ga Agusta 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, Kamaru ta biyo washegari. Daga Cadi kwamandan Faransa Leclerc ya ratsa hamada da mutum kusan 400, mafi yawansu 'yan Afirka, suka karɓe Kufra a Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941, suka yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tuta ta tashi a kan majami'ar Strasbourg. A 1943 da aka sake fasalin rundunar a Maroko, aka ware baƙaƙen sojojin. Tutar ta tashi a Nuwamban 1944, ba su a wurin. Na kuma gaya masa ko garin da muke zaune fagen fama ne: Ingilishi sun kawo wa Jamusawa hari a Garwa a Agustan 1914 aka kore su, suka dawo tare da Faransawa suka ci garin a Yunin 1915, kuma rundunar da suka taho da ita daga Najeriya da Hausa ake ba ta umarni. A kan dutsen Mora an yi wa Jamusawa da sojojinsu 'yan Afirka ƙawanya tun 1914 har Fabrairun 1916. Kafin nan, a Kusiri, Rabe da kwamandan Faransawa Lamy sun mutu rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900. Duk wanda ya san yadda ake gina babin labari, da ya hau dutsen Mora zai ga an riga an zana masa fili.

Bai ce komai ba, sai ya tambayi mai ɗakin ko akwai sauran babi a faifan, aka ce akwai, ya ce a ajiye masa gobe. Ya buga biyu daga ciki a kwanakin da rezo yake rarrafe. Da abubuwa suka daidaita ya koma multi, kuma ban yi mamaki ba, domin a can mutanensa suke. Su huɗu ne a ƙungiyar: shi, da wani a Marwa, da wani a Kusiri, da wani ɗalibi a Injamena da bai taɓa gani ido da ido ba. Suna haɗuwa bayan sallar isha, umarni da Faransanci, faɗa da Larabcin Cadi, dariya da Hausa, kuma duk wanda megarsa ta ƙare sauran ukun ne ke haɗa masa.